Firjin Baturiyar Maitama

"Oga Tawfiq, wannan firji da ka saya, da ƙafa yake zuwa daga Maitama?"

Maƙwabciyarmu Maman Enoch ce ta yi tambayar, tana bakin famfo tana wanke tukwane. Ni ina bayan labule ina tsince shinkafa, don haka ban ga fuskar maigidana ba. Amma na ji ya gyara murya. Duk sanda ya gyara murya haka, bayani ne zai biyo baya.

"Madam Rosemary, harkar yanar gizo ba irin sayen tumatir ba ce. Akwai matakai."

"To wane mataki yake yanzu? Ya kai Nyanya?"

Bari in koma baya kaɗan. Sunana Khairat. Muna haya a Jikwoyi, ciki da falo, a gida mai jan get. Maigidana, Tawfiq (ba na faɗin sunansa, amma rubutu ba faɗa ba ne), yana aiki a wata ma'aikata a cikin gari. Aikinsa kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Sai dai in ka same shi a bencin Baba Datti, mai shagon ƙofar gidanmu, yana ba da labari, za ka ɗauka ba a sa hannu a komai a Abuja sai an ji ta bakinsa.

Ina da firji. Ƙarami ne, fari, mai ƙofa ɗaya. Innata ce ta saya mini da kuɗin adashinta, cikin kayan ɗakina, kuma ba ta daɗe ba bayan bikin Allah ya yi mata rasuwa. Inna tana da wata ɗabi'a irin ta matan unguwarmu a Zariya: duk abin da ta mallaka sai ta ɗiga masa jan farce, don kada ya ɓace a gidan biki. Alamarta ɗigo uku ce a jere. Kulolina suna da su, farantaina suna da su. Firjin ma bai tsira ba, ko da yake ban san wane biki ta yi tsammanin za a kai shi ba. A cikin ƙofarsa ta ɗiga, daidai wurin ajiye ƙwai.

Yana da hali guda. In aka kawo wuta sai ya yi tari, ya girgiza kamar tsohon da aka watsa wa ruwan sanyi, sannan ya kama aiki. Maman Enoch ta bango take jin sa. Ta ce shi ne ke gaya mata ta tashi ta jona dutsen guga.

Wata rana maigida ya dawo daga aiki yana murmushi shi kaɗai. Wani a ofishinsu ya nuna masa shafin gwanjo a waya. Ya ce Turawan ofisoshin jakadanci in za su koma gida ba sa ɗaukar kaya, a nan suke zubar da su a banza, wanda ya fi kowa tayi ya kwashe.

"Khairat, zauna ki ji. Za mu sayar da wannan mai tarin, mu ɗauko mai ƙofa biyu. Ki riƙa yin ƙanƙara da zoɓo. Kafin azumi mun ƙara na biyu. Bayan salla mu kama shago. Baɗi war haka duk mai shan ruwan sanyi daga nan har Karshi, ni yake wa aiki bai sani ba. Ko ya kika gani?"

Na yi shiru. Ina neman ta inda zan fara, don maganar tana da tsawo kuma Inna tana cikinta. Shi kuwa a wurinsa shiru "to" ne.

Ya ɗauki hoton firjin ya sa a shafin. Ba a jima ba mai saye ya zo da a-kori-kura, wani gajere mai yawan dariya, ya ce sunansa Nazeer. Ya zagaya firjin, ya ƙwanƙwasa shi, ya girgiza kai.

"Oga, wannan ai sai dai don Allah. Ƙarfen kawai zan saya."

Suka yi ciniki, suka kinkime shi. A bakin ƙofar falo akwai wata matattakala da ta fashe, Nazeer ya yi tuntuɓe a kanta har ya kusa zubewa. Da motar ta tafi, maigida ya tafa hannu.

"Na liƙa masa! Bai ma ji tarin ba, don babu wuta."

Na share wurin da firjin yake. Sawun ƙafafunsa huɗu suna nan a kan leda.

Gwanjon farko, maigida ne ya ci. Ya nuna wa duk gidan hoton: firji mai ƙofa biyu, baƙi, yana ƙyalli, kansa ya kusa taɓa rufin ɗaki. Ya auna ƙofar falonmu da igiyar shanya, ya auna hoton da yatsa, ya ce ba zai shiga ba. Ranar da za a kawo, shi da Baba Datti suka cire ƙyauren gaba ɗaya suka jingine a tsakar gida. Ya roƙi Baban Enoch ya fasa fita, don a samu masu kamawa. Suka naɗe hannun riga suka tsaya a get suna jiran mota.

Sai ga babur. Mai babur da akwati a bayansa ya tsaya ya ce, "Wane ne Oga Tawfiq?"

"Ni ne. Motar tana baya?"

"Wace mota?"

Ya buɗe akwatin ya miƙo wani kwali da hannu ɗaya. Maigida ya karɓa da hannu biyu, don ya riga ya shirya ƙarfi, kwalin ya kusa tashi sama.

Firji ne. Baƙi ne, yana ƙyalli, ƙofarsa biyu. Tsayinsa bai kai butar alwala ba. Na gwada daga baya: ledar ruwa ɗaya yake ci, in aka lanƙwasa ta.

Nan take maigida ya kira mai kayan, ya buɗe murya don kowa ya ji yadda zai yi da shi.

"Malam, me ka aiko mini?"

"Firji, oga. Ka tambaye ni ƙofa nawa, na ce biyu. Ƙirga mana."

"A hoto ya kai rufi!"

"Kusa na ɗauka, oga. Don ka gani da kyau."

"Ka san da wa kake magana?"

Bai sani ba, kuma bai tsaya ya ji ba. Daga ranar wayarsa a kashe take.

Baban Enoch ya sauke hannun rigarsa. Baba Datti ya dubi ƙyauren da ke jingine, ya dubi firjin.

"Malam Tawfiq, da tagar ma ta isa."

"Samfuri ne, Baba. Haka manyan kamfanoni suke yi. Sai ka ga samfuri tukuna."

"Ka riƙa ba shi abinci," in ji Maman Enoch. "Zai girma."

Ƙyauren bai koma daidai ba. Har yau sai an ɗaga shi da gwiwa yake rufuwa.

Gwanjo na biyu shi ne na Maitama. Wannan karon maigida ya ce ya yi karatun ta-natsu, sai da ya tambayi tsayi da faɗi. Mai kayan ya ce shi direban wata Baturiya ce, ta bar masa firji da zai iya cin rago biyu a tsaye. Ya turo hoton gidan, da lambar gidan, har da hoton karen gidan. Ya ce a turo kafin alƙalami don a riƙe wa oga, mutane sun yi yawa. Maigida ya tura.

Daga nan kullum da labari. Yau Baturiya tana filin jirgi da makulli. Gobe an tare hanya saboda manyan baƙi. Jibi direban yana zazzaɓi. A cikin wannan jiran ne Maman Enoch ta yi tambayar da na fara da ita.

Tambayar ta shige shi. Washegari ya sa shaddarsa ta salla, ya ɗauki hayar a-kori-kura, ya ce zai je ya ɗauko da kansa. Baba Datti ya rufe shago ya bi shi, wai bai taɓa ganin Maitama da rana ba sai a talabijin.

Ban je ba. Abin da ya faru daga bakin Baba Datti na ji, don da suka dawo da motar babu komai a bayanta, a tsakar gida ya zauna ya ba da labari, mutanen layi har da masu leƙe ta katanga.

"Gida kam akwai shi," in ji Baba. "Lambar ma daidai. Kare ma shi ne, na gane shi. Malam Tawfiq ya danna ƙararrawa, maigadi ya leƙo ta wata 'yar taga, ya dube mu, ya dubi motar, ya ce, 'Ku ma firji?'"

"Baba, ba haka ya faɗa ba."

"Haka ya faɗa. Sai ya nuna mana gindin wata bishiya. Ga mutane nan zaune. Wani ya zo ɗaukar kujeru, wani janareta, wata baiwar Allah ta taso tun daga Gwagwalada ɗaukar injin wanki. Maigadi ya ce a gidan babu Baturiya, babu direba, mai gidan ma ɗan Katsina ne, kuma yana son firjinsa."

"To sai me?" in ji Maman Enoch.

"Sai Malam Tawfiq ya tsaya a gabansu ya yi musu bayanin yadda ake gane ɗan damfara a yanar gizo."

"Ba su sani ba ne," in ji maigida. "Kowa ya yi shiru yana ji. Har ƙungiya muka kafa. Ni aka zaɓa shugaba."

"Shugaban me?"

"Waɗanda abin ya shafa."

Maman Enoch ta ajiye tsintsiya ta rusuna. "Ranka ya daɗe, Ciyaman."

Sunan ya bi shi. Har mai kayan miya na bakin titi Ciyaman yake ce masa.

A makon ne Gwaggo Lantana ta kira ni. Yayar Inna ce, ita ta yi mini jere. Ita ta tsaya a falon nan ta ce ga inda za a sa kowane abu, kuma ba ta manta wurin cokali ba, balle firji. Ta ce za ta zo biki Gwagwalada, ranar Lahadi za ta biyo ta ga ɗakina.

"Ki sa mini ruwa a firjin Innarki ya yi sanyi. Kin san ni da zafin garin nan naku."

Na ce to. Na ajiye wayar na daɗe ina kallon sawun nan huɗu a kan leda.

Da maigida ya dawo na gaya masa. Ya san Gwaggo. Ya kuma san kayan ɗaki ba na miji ba ne, kuma in ta ji ya sayar da abin da Inna ta bari, maganar ba za ta kwana a Abuja ba. Kafin ta kai tasha mahaifinsa ya ji a Zariya.

"Kada ki damu," ya ce, da wata murya siririya. Sai ya gyara ta. "Kada ki damu. Yanzu na gama sanin su. Sabuwar doka: ba na biyan ko sisi sai mai kaya ya kawo da kansa. Ba direba ba, ba yaronsa ba. Shi. In ga idonsa."

Kuɗin firjina kuwa sun riga sun bi samfuri da Baturiya. Sai ya kwance manyan sifikunsa guda biyu, waɗanda yake kunna wa duk layi waƙa ko ba su roƙa ba, ya kai wa mai aski na bakin kwana ya saya. Baban Enoch da kansa ya taya shi ɗauka. Ban taɓa ganin sa da saurin taimako haka ba.

Ranar Asabar da rana ya shigo da gudu.

"Khairat, zo ki ga ikon Allah. Ƙofa ɗaya ne, amma na Turai ne na asali. Yau da la'asar ake rufe gwanjon, kuma mai kayan ya yarda zai kawo da kansa."

Ya miƙo mini wayar. Firji ne ruwan toka, yana sheƙi, an liƙa masa wata 'yar tuta a goshi. An rubuta wai na wata Baturiya ce ma'aikaciyar jinya, ruwa kawai take sa wa. Ya goga yatsa, hoto na biyu ya fito, an buɗe ƙofar.

A wurin ajiye ƙwai, ɗigo uku na jan farce a jere. Na tsakiyar ya ɗan zamo ƙasa, don hannun Inna yana rawa a lokacin.

Na riƙe wayar da hannu biyu.

"Wannan jan fa?" na ce.

Ya leƙo. "Alamar kamfani ce. Turawa ke nan, komai da tsari. Ɗigo uku, daraja ta ɗaya."

Shekara guda yana buɗe firjin nan yana ɗaukar ruwa. Ashe ruwan kawai yake gani.

Na buɗe baki zan faɗa, sai na rufe. Na san mijina. In ya ji cewa abin da ya "liƙa" wa wani ne ake sayar masa, ba zai saya ba ko da kyauta ne, kuma zai tafi ya nemo wata Baturiyar. Firjin Inna kuma ya tafi gidan da ba a san ko hannun wa ke jikinsa ba. Na mayar masa da wayar na ce yana da kyau.

Da la'asar ya zauna a bencin Baba Datti, mutane sun kewaye shi kamar masu kallon ƙwallo. Ina jin su ta taga. Ya taya. Nan da nan wata ta ƙara a kan nasa. Shafin yana nuna sunan mai tayi da lambarsa: Hajiya Nabilah Maitama.

"Ciyaman, mace ta wuce ka," in ji Maman Enoch.

Ya ƙara. Hajiya ta ƙara. Ya ƙara. Hajiya ba ta ko numfasawa.

"Irin matan nan ne marasa aikin yi," ya ce. "Tana kwance a kan kujera, masu aiki suna mata fifita. Me za ta yi da firji mai ƙofa ɗaya?"

"Wataƙila na kare ne," in ji Baba Datti.

Can sai wayarsa ta nemi mutuwa, ya shigo ɗaki neman caja. Yana gumi. Ya zauna a bakin gado ya dafe kai.

"Na bar mata. Ta wuce kuɗin sifiku. Akwai wani mai ƙofa biyu gobe a Asokoro, na wani Bature..."

Ina naɗe kayan wanki, ban ɗago ba. Na ce a hankali, kamar mai tambayar ko a ƙara gishiri:

"Maigida, Hajiyar ta fi ƙarfinka ke nan?"

Ya dube ni. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa yi masa tambaya irin wannan ba. Ya miƙe, ya buɗe akwati, ya ciro shaddar salla da hular da takalmin, ya fita da su a hammata. Na ji yana ce wa Baba Datti ya riƙe su a matsayin jingina. Jim kaɗan ihu ya tashi a ƙofar gida.

"Ta gudu! Hajiya ta gudu! Ku gaya mata Jikwoyi ma akwai maza!"

Na ci gaba da naɗe kayana.

Lahadi da hantsi a-kori-kura ta tsaya a get, firjin a baya an lulluɓe shi da bargo. Mai kayan yana gaba, da hular hana-salla, da baƙin tabarau, da takunkumi har ƙasan ido. Bai sauko ba. Ya ce mura yake yi, a sauke kawai a tura masa kuɗinsa.

"A'a," in ji maigida, yana duban jama'a. "Doka ita ce doka. Ka sauko ka kai shi ciki da hannunka, a jona a gabanka."

Mutumin ya sauko. Gajere ne. Suka kama firjin shi da maigida. Ba a nuna masa ƙofarmu ba, amma ya miƙe zuwa gare ta, ya bar ƙofofi uku a hanya. Da ya zo matattakalar da ta fashe sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake ta a hankali. Suka ajiye firjin, ƙafafunsa huɗu suka sauka a kan sawun da ke kan leda, ba gyara. Ya ɗaga labule ya jona wayar firjin a soket ɗin da ke ɓoye a bayansa.

Maman Enoch tana bakin ƙofa ta harɗe hannu. "Oga mai mura, yaya ka san akwai soket a bayan labule?"

"Gidajen Abuja duk iri ɗaya ne, madam."

Maigida bai ji su ba. Ya buɗe firjin ya sa kansa ciki ya shaƙa.

"Kun ji? Ƙamshin Turai. Nasu ba ya ƙara, ba ya motsi. Za ku ga in an kawo wuta, sai kun sa kunne kafin ku san yana aiki."

Kamar jira ake ya rufe baki. Ƙwan falo ya kama. Firjin ya yi tari. Ya girgiza tun daga ƙasa har 'yar tutar goshinsa. Sannan ya kama aiki.

Maman Enoch ta karkata kunne.

"Wannan tari," in ji Maman Enoch, "na san shi. Shekara ɗaya yana tashe ni guga."

Baba Datti ya matso, ya sa yatsa ya ja takunkumin mutumin ƙasa, kamar mai duba kaza a kasuwa.

"Sannu da zuwa, Nazeer. Ya hanya?"

Nazeer ya cire tabarau. Dariyarsa tana nan yadda take.

"Oga, wallahi sai da na shigo layin nan na ce unguwar nan kamar na san ta. Da ka faɗa mini kai ne, ai da na rage maka kuɗin mota."

"Firjina ka sayar mini?"

"Na Madam dai. Amma dubi fentin, oga. Hannu biyu na yi masa."

"Ina Baturiyar?"

"Ta koma gida."

"Ƙarya kake!" Maigida ya juya ga jama'a, don falon ya cika har tsakar gida. "Ku tsaya. Ko ma mene ne, kaya ne mai daraja. Hajiya guda daga Maitama ta yi ta fafatawa da ni a kansa. Ga lambarta nan. Bari in kira ta ku ji da kunnenku."

"Oga, ba sai ka..." in ji Nazeer.

Maigida ya danna. Ya ɗaga wayar sama.

Wata 'yar waƙa ta tashi a aljihun wandon Nazeer na hagu.

Ta yi ta yi. Nazeer ya dubi rufi. Baban Enoch ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa.

"Ɗauka mana, Hajiya," in ji Maman Enoch. "Ciyaman ne."

Maigida ya cakumi kwalar Nazeer. Yana cewa ba zai biya ba, Nazeer yana cewa to a mayar masa da kayansa mota, ni kuma na tsaya a jikin firjin na dafa shi, ban san sanda na yi ba. Ana cikin haka aka yi sallama.

Gwaggo Lantana ce, da jakarta a hannu, da mayafin biki. Ta dubi taron, ta dubi hannun maigida a wuyan baƙo.

"Lafiya? Mutuwa aka yi ko haihuwa?"

Maigida ya saki kwalar ya durƙusa. Bakinsa ya buɗe, amma ko gyaran murya bai fito ba. Na ga Baba Datti ya dubi Maman Enoch, ita ma ta dube shi.

"Mai fenti ne, Hajiya," in ji Baba Datti.

"E, Mama," in ji Maman Enoch. "Oga ya kai firjin amarya a yi masa kwalliya saboda zuwanki. Yana faɗa ne don an makara."

Gwaggo ta ajiye jakarta. Ta ratsa mutane ta zo ta buɗe firjin. Ta sunkuya. Ta sa yatsa a kan ɗigon nan uku, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Hannun Hadijatu," ta ce a hankali. "Allah ya jiƙanki."

Aka ce amin, har da su Maman Enoch.

Ta rufe, ta shafa fentin. "Kai, ɗan nan, ka kyauta. Mazan yanzu sai dai su sayar da kayan mace, kai kuwa gyarawa kake. Allah ya yi maka albarka. To me ya sa ka shaƙe bawan Allah? Ka biya shi?"

"Tukuna, Gwaggo."

"Biya shi yanzu a gabana. Ba a riƙe wa ma'aikaci haƙƙinsa."

Maigida ya ciro waya, yana durƙushe. Ya daɗe yana kallon ta. Ya danna. Aljihun Nazeer na dama ya yi ƙara.

"Na gani, oga. Allah ya ƙara buɗi."

"Yaro, ba ni lambarka," in ji Gwaggo. "Nawa na Zariya ma duk ya yi tsatsa."

"Wacce za a ba ki, Mama?" in ji Maman Enoch. "Tasa ko ta Hajiya Nabilah?"

"Wace ce kuma Nabilah?"

"Sakatariyarsa ce," in ji Baba Datti. Ya kama hannun Nazeer ya fitar da shi.

Gwaggo ta sha ruwanta, bai gama sanyi ba amma ba ta yi ƙorafi ba. Ta duba kuloli, ta duba farantai, ta tambayi abin da ya sami ƙyaure, aka ce iska ce. Ta ga ɗan samfurin a kan tebur ta ce Abuja da abin mamaki take, har akwatin kwalli sai an yi masa ƙofa biyu. Kafin la'asar muka raka ta bakin titi.

Da yamma na jiyo maigida a bencin Baba Datti, cikin tsohuwar rigarsa ta zuwa aiki. Murya ta dawo. Yana bayanin cewa in ka duba da kyau, shi ne ya ci riba: ya sa mutum ya yi masa fenti hannu biyu, ya kawo har ɗaki, ya jona da kansa. Wani ya ce, "Sifikun fa, Ciyaman?" Ya ce da ma sun tsufa.

Da ya shigo ya tsaya a gaban firjin yana kallon sa. Ni ina ɓare 'yar tutar da farce.

"Khairat, ke da kike amfani da shi kullum, ba ki gane shi a hoto ba?"

"Maigida, ni me na sani a harkar yanar gizo?"

Ya yi tunani, ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne. Akwai matakai."

Washegari a bakin famfo Maman Enoch ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Amarya, ranar Asabar ɗin nan, Oga ya shiga ɗaki kamar kazar da ruwa ya doka, ya fito kamar soja. Me kika gaya masa?"

Na ce caja ya ɗauka.

Ta daɗe tana kallona, tana murmushi da gefen baki. Ina son Maman Enoch, kuma maganar tana ta yi mini ƙaiƙayi a harshe. Amma in ta ji da safe, kafin azahar mai kayan miya ya ji, kafin magariba ta dawo bencin Baba Datti. Mutumin da ya rasa sifiku da shadda da suna a mako ɗaya, a bar masa ko da matakansa.

Ta cikin bango firjin ya yi tari. Maman Enoch ta saki bokiti ta ruga neman dutsen guga. Na ɗauraye kofunan Inna, na kife su, ɗigo uku-uku suna kallon sama. Na yanke a raina ba zan gaya wa kowa ba.